Magani Ya Samu, Saura Kowa Ya Kai Gare Shi: Nazari a Kan Ƙanjamau Domin Iyalai

Waɗanda suka yi wayo kafin shekara ta 2000 za su tuna da irin jana'izar da muka riƙa yi a waɗancan shekaru. Saurayi ya tafi Legas ko Fatakwal neman abinci, a komo da shi a kwance, ya rame har uwarsa ba ta gane shi ba sai da ya yi magana. Bayan wata biyu a kai shi makabarta, kafin shekara ta kewayo matarsa ta bi shi, a bar wa tsohuwa jikoki. A wurin jana'iza sai a ce ya yi doguwar jinya, kowa ya sunkuyar da kai, kowa kuwa ya san abin da ake nufi. Har laƙabi aka yi wa cutar, wai kabari kusa.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba a lokacin shi ne, tun 1996 likitoci sun riga sun sami abin da ke tsayar da irin wannan mutuwa. A Amurka da Turai mutanen da aka fid da rai da su suna tashi daga gadon asibiti suna komawa bakin aikinsu, mu kuwa muna ta haƙa kaburbura har kusan shekara goma bayan haka. Cuta ɗaya, magani ɗaya, sai dai inda aka haifi mutum da abin da ke aljihunsa su ne suka raba mai rai da matacce. A nazarinmu na wannan fitowa za mu bi sawun yadda aka rage wannan tazara, mu ga kuma inda aikin ya tsaya, gama abin da ya rage daga cikinsa ya fi kusa da ƙofofin gidajenmu da majami'unmu fiye da yadda muke zato.

Ƙwayar cutar da maganinta

Da fari sai mu raba abu biyu da mutane ke haɗawa. HIV ƙwayar cuta ce, ƙanjamau kuwa shi ne halin da jiki ke shiga bayan ƙwayar ta daɗe tana ɓarna ba a tare ta ba. A cikin jini akwai wasu ƙwayoyin halitta da likitoci ke kira CD4, waɗanda suke kamar masu gadin gari da ke tada mayaƙa in abokin gaba ya shigo. Su ne HIV ke shiga, ta hayayyafa a cikinsu, ta kashe su. Mutum yana iya yin shekara takwas ko goma garau, yana noma, ya yi aure, ya haihu, alhali masu gadin suna ƙarewa a hankali. Ran da suka ƙare sai tarin fuka da gudawa marar tsayawa da sanƙarau su tarar da ƙofa a buɗe. Har wa yau tarin fuka ne ya fi kashe masu ɗauke da HIV.

An fara ba da rahoton cutar a Amurka a 1981, masana a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris suka gano ƙwayar a 1983, a Nijeriya kuwa an ba da rahoton masu ɗauke da ita na farko a 1986. Magani na farko, AZT, ya fito a 1987, amma ƙwayar tana da saurin sauya kama, ba a jima ba takan saba da shi. Sai a babban taron da aka yi a birnin Bankuba na ƙasar Kanada a 1996 aka nuna wa duniya cewa in an haɗa magani uku a lokaci guda, ko ƙwayar ta kuɓuce wa ɗaya, biyu za su riƙe ta. Maganin yana hana ta hayayyafa har ta ragu a jini yadda na'urar gwaji ba ta iya ganinta, masu gadin jiki su farfaɗo. Amma ba ya kashe ta ƙurmus. Tana nan a maƙale a wasu sassan jiki, in aka daina shan magani, cikin 'yan makonni za ta sake cika jini. A riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

Yadda farashi ya faɗi

Kuɗin maganin mutum ɗaya na shekara guda a wancan lokaci dala 10,000 ne zuwa 15,000, domin kamfanonin da suka ƙirƙiro shi suna da haƙƙin mallaka, ba wanda doka ta yarda ya haɗa irinsa. Manyan masana suka ce Afirka ta haƙura da magani, ta tsaya a kan rigakafi. A 2001 har wani babban jami'in agaji na Amurka ya ce mutanenmu ba su san agogo ba, balle su kiyaye lokacin shan magani. Binciken da aka buga a 2006 ya nuna marasa lafiya a Afirka sun fi na Amurka ta Arewa kiyaye shan maganinsu. Wanda ya sha wuya kafin ya sami abu ba ya wasa da shi.

Ƙasar Brazil ce ta fara karya wannan magana, ta kafa doka a 1996 cewa duk ɗan ƙasa mai bukata zai sami maganin kyauta, ta kuma shiga haɗa wasu daga cikinsu da kanta. Afirka ta Kudu ta yi doka a 1997 domin shigo da magani mai rahusa, sai kamfanonin magani 39 suka kai gwamnatin Nelson Mandela ƙara. Masu ɗauke da cutar suka fito tituna, da yawansu sanye da riguna masu shelar halin da suke ciki. A taron Durban na 2000 wani yaro ɗan shekara 11, Nkosi Johnson, wanda aka haifa da ƙwayar, ya tsaya gaban dubban mutane ya roƙi a riƙa ba mata masu ciki magani. Ya rasu a Yuni 2001. A Fabrairun wannan shekara kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin sayar da magani ukun a kan dala 350 a shekara, watau ƙasa da dala ɗaya a rana, a Afrilu kuma kamfanonin nan 39 suka janye ƙararsu saboda kunyar duniya. A Nuwamba ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya suka amince a birnin Doha cewa haƙƙin mallaka ba zai hana wata ƙasa kare lafiyar mutanenta ba.

Farashi ya faɗi, saura kuɗin saye. A Abuja ne, a taron shugabannin Afirka na Afrilu 2001, Kofi Annan ya yi kira a kafa babban asusu, aka kuwa kafa Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro a 2002. A Janairu 2003 Shugaba George W. Bush ya sanar da shirin PEPFAR na dala biliyan 15 cikin shekara biyar, a lokacin da mutum 50,000 kaɗai ke shan magani a cikin kusan miliyan 30 masu ɗauke da ƙwayar a Afirka. Cikin waɗanda suka matsa masa lamba har da shugabannin ekklesiyoyin Amurka, waɗanda ma'aikatansu a asibitocin mishan suka gaji da binne mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin kai magani ga mutum miliyan 3 kafin ƙarshen 2005, aka tsaya a miliyan 1.3. A 2006 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka ɗauki alkawarin cewa kafin 2010 kowa zai sami rigakafi da magani da kulawa. Ba a cika alkawarin ba, amma tun daga ranar aka daina gardamar ko talaka ya cancanci magani.

A Nijeriya gwamnati ta fara shirinta a 2002 da manya 10,000 a cibiyoyi 25, mutum yana biyan naira 1,000 a wata, daga 2006 kuma maganin ya zama kyauta. Masu karatu a Filato za su tuna da layin mutane a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da asibitin Faith Alive, wasu sun kwana a hanya daga Taraba da Binuwai. Yanzu abin ya koma ƙwayar magani ɗaya tak a rana, mai haɗe da magani uku, kuɗinta na shekara ya sauko ƙasa da dala 45 a 2023.

Ga lissafin hukumar UNAIDS na shekara ta 2024. Mutum miliyan 40.8 ke ɗauke da HIV a duniya, miliyan 31.6 daga cikinsu suna shan magani. Waɗanda cutar ta kashe a shekarar 630,000 ne, alhali a 2004 sun kai kimanin miliyan 2. Sababbin kamuwa miliyan 1.3. A ƙasarmu, babban binciken gida-gida na 2018 ya sami kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49, watau wajen mutum miliyan 1.9 gaba ɗaya, jihohin Akwa Ibom da Binuwai suna kan gaba.

Su wane ne miliyan tara?

In muka debe 31.6 daga 40.8, sama da mutum miliyan 9 sun rage, ga magani mai rahusa, ga shi kyauta a wurare da yawa, amma bai shiga bakinsu ba. Mun san labarin shanyayyen nan na Kafarnahum a Markus sura 2. Mai warkarwa yana cikin gida, mai bukata yana waje, waɗanda suka toshe ƙofar kuwa masu sauraron wa'azi ne. Bari mu duba waɗanda ke waje ɗaya bayan ɗaya, mu ga ko muna cikin masu toshewa.

Na fari yara ne, kuma a nan ne abin ya fi ban takaici. A cikin yara miliyan 1.4 masu ɗauke da ƙwayar, kashi 55 cikin ɗari kaɗai ke shan magani a 2024, yara 120,000 kuma suka kamu a wannan shekara. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan jariran da ke kamuwa. Alhali wannan ita ce hanyar da aka fi sanin yadda ake toshe ta. In uwa ba ta shan magani, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari sukan kamu, a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. In tana sha yadda ya kamata, abin yana sauka ƙasa da 5 cikin ɗari, ta kuma shayar da ɗanta nono kamar kowace uwa. Ƙasar Kyuba ta kai ga kawar da wannan hanyar a 2015. Mu abin da ke ka da mu shi ne mata da yawa ba sa zuwa awon ciki, suna haihuwa a gida ko a gidajen addu'a, ba wanda ya gwada jininsu. Wata kuma an gwada ta, an ba ta magani, ta jefa shi a masai a kan hanyar gida, domin ba ta san abin da za ta ce wa mijinta ba in ya ga kwalbar. Jaririn da ya kamu, in ba a fara masa magani ba, rabin irinsu ba sa kai shekara biyu. Tun 2021 akwai maganin yara mai zaƙi da ake narkarwa a ruwa, Nijeriya ma tana cikin ƙasashen da suka fara samunsa. Zumuntar mata, wadda ta san kowace mai ciki a ekklesiya tun kafin cikin ya fito, ita ta fi kowace hukuma ikon tabbatar da cewa ba wadda ta haihu ba a gwada ta ba.

Na biyu maza. Mace ciki yana kai ta asibiti, namiji kuwa sai an ɗauke shi ranga-ranga. Wani yakan ce tun da an gwada matarsa ba a sami kome ba, shi ma lafiyarsa ƙalau. Wannan kuskure ne, gama akwai ma'aurata da yawa da ɗaya ke ɗauke da ƙwayar ɗaya ba ya ɗauke da ita, har shekaru.

Na uku su ne waɗanda suka fara magani suka bari, a nan kuwa dole in faɗi magana mai nauyi. Na san wata gwauruwa, mawaƙiya a zumuntar mata, wadda magani ya tashe ta daga tabarma har ta koma sayar da hatsi a kasuwa. Ta je wani taron farkawa, aka ɗora mata hannu, aka ce ta warke, shan magani bayan haka rashin bangaskiya ne. Ta koma asibiti aka auna jininta, aka ce ba a ga ƙwayar ba, ta ɗauka shaida ce ta tabbata. Ba wanda ya zaunar da ita ya bayyana mata cewa maganin ne ya danne ƙwayar har na'ura ta kasa ganinta. Ta ba da shaida a gaban jama'a, muka yi tafi, har da ni. Ba ta cika shekara biyu ba. Ko da aka mai da ita kan magani, tarin fuka ya riga ya cinye huhunta. Mun gaskata Allah yana warkarwa, ba kuwa wanda ya isa ya sa masa iyaka. Amma duk wanda ya ce wa mai ɗauke da HIV ya zubar da maganinsa domin ya nuna bangaskiya, ya sani alhakin rai yake ɗauka. Ba a majami'a kaɗai ake wannan ba. A ƙasar Gambiya shugaban ƙasa da kansa, Yahya Jammeh, ya yi shela a 2007 cewa yana warkar da ƙanjamau da haɗin ganye, ya sa marasa lafiya suka bar maganinsu, da dama suka mutu.

Ƙarƙashin dukan waɗannan akwai tsoron bakin mutane. Mu ne muka fara yi wa cutar wa'azi a matsayin hukuncin mazinata, muka manta da matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta, da jaririn da bai san kome ba, da wanda aka ƙara wa jini, da yarinyar da aka yi wa fyaɗe a lokacin rikici. Ko wanda ya kamu ta hanyar zunubi ma, ban ga inda aka ba mu izinin barinsa ya mutu ba. A 1992 wani limamin Angilika a Yuganda, Gideon Byamugisha, ya tsaya ya faɗa wa jama'a yana ɗauke da HIV, shi ne shugaban addini na fari a Afirka da ya yi haka. Ekklesiyarsa ta riƙe shi a bakin aiki, shekara 17 bayan haka ya karɓi lambar yabo ta zaman lafiya ta Niwano. A ƙasarmu Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, ya faɗa wa duniya a 1997 abin da ya kashe ƙanensa Fela. Sai mu tambayi kanmu, da wani dattijo a ekklesiyarmu zai tashi ran Lahadi ya yi irin wannan magana, zai ci gaba da raba jibin Ubangiji?

Gwajin jini kafin aure da ekklesiyoyi da yawa suka wajabta abu ne mai kyau, ya ceci rayuka. Ɓarnar tana wajen yadda ake riƙe sakamakon. Takardar da ya kamata ta tsaya tsakanin likita da masu neman auren sai ta bi ta hannun kwamiti, kafin mako ya ƙare unguwa duka ta ji. Dokar Nijeriya ta 2014 ta haramta nuna wa masu ɗauke da HIV bambanci a wurin aiki da makaranta da asibiti, ta kuma haramta tona halin lafiyar mutum ba da yardarsa ba. Ba kuma dole ba ne a fasa auren. Binciken da aka buga a 2011 a kan ma'aurata ya nuna fara magani da wuri ya rage yaɗuwa tsakanin miji da mata da kashi 96 cikin ɗari, binciken da ya biyo baya kuma ya tabbatar da cewa wanda ƙwayar ta dannu a jininsa har ba a iya ganinta ba ya sa wa abokin aurensa. Irin waɗannan ma'aurata suna haihuwar 'ya'ya masu lafiya. In su biyun sun san gaskiya, sun ji shawarar likita, sun kuma yarda, hukuncin nasu ne.

Koyarwarmu a kan kamewa kafin aure da aminci cikin aure tana nan daram, ita ce kuma katanga ta fari. Amma iyaye su san sauran hanyoyin, gama ranar bukata ba ta sallama. Wadda aka yi wa fyaɗe, in an kai ta asibiti kafin awa 72 su cika, akwai maganin kwana 28 da ke hana ƙwayar kama jiki, saboda haka a fara da asibiti kafin zaman sulhu da dangi. Miji ko matar mai ɗauke da ƙwayar suna iya amfani da kwaroron roba, ko maganin rigakafi na kullum, har sai jinin ɗayan ya dannu. Akwai kuma sabuwar allura, lenacapavir, sau biyu kacal a shekara. A gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu da Yuganda, wanda aka sanar a 2024, cikin 'yan mata da mata sama da 2,000 da aka yi wa allurar ba ko ɗaya da ta kamu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Yuli 2025, aka kuma ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Indiya su sayar da ita a kan dala 40 a shekara daga 2027.

Rijiyar maƙwabci

A Janairu 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da agajin ƙasashen waje. Cikin 'yan kwanaki cibiyoyi suka rufe a ƙasashe da dama, aka sallami ma'aikata, musamman masu bin marasa lafiya gida-gida da masu kai jini ɗakin gwaji. An ɗage dakatarwar a kan maganin ceton rai, amma aikin rigakafi ya sha mummunan duka, hukumar agajin Amurka ta USAID kuma aka rushe ta a wannan shekara. UNAIDS ta yi ƙiyasin cewa in tallafin ya yanke ɗungum ba a maye gurbinsa ba, za a sami ƙarin mutuwar mutum miliyan 4 kafin ƙarshen 2029. Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 domin toshe giɓin.

Godiya ta wajaba ga waɗanda suka ɗauki nauyinmu shekara ashirin. Amma mai shan ruwa a rijiyar maƙwabci ba shi da ta cewa ran da aka sa mata murfi. A taron nan na Abuja na 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu domin lafiya, Gwamnatin Tarayya kuwa, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa kusantar wannan kaso ba. Wannan tambaya ce da ya kamata masu neman ƙuri'a su riƙa ji daga bakinmu duk lokacin da suka zo gaisuwa a majami'a.

Ekklesiya ba za ta iya saye wa ƙasa magani ba, amma ma'aikatan da aka sallama, aikin da suke yi irin wanda muka saba ne: ziyara, tunasarwa, rakiya. Maganin kyauta ne, motar zuwa karɓarsa ba kyauta ba ce, mai shansa kuma yana bukatar abinci, ga tsadar da ake ciki. Sa'ad da dattawa za su zauna a kan kasafin shekara mai zuwa, sai su kira ma'aikacin lafiyar da ke cikinsu su tambaye shi nawa ne kuɗin mota zuwa asibitin da ake karɓar magani, mutum nawa kuma ya sani suka fasa zuwa bana saboda shi. Ba sai ya faɗi sunan kowa ba.